An Yanke Belin Maigidana, Numfashinsa Bai Daina Tsayawa Ba

Assalamu alaikum. Na daɗe ina juya maganar nan a raina kafin in yarda in rubuta ta. In na fara sai in goge, domin barcin miji sirrin ɗaki ne, kuma akwai yayansa a cikin labarin, ina tsoron kada in ci namansa. Sai da na je wurin malamarmu ta Islamiyya na tambaye ta. Ta ce in don a kiyaye wasu ne, kuma ban kama suna ba, ban ƙara ko gishiri ba, to babu laifi. Na tambayi maigidan shi ma. Ya ce, "Rubuta mana, amma kar ki ce ina da tumbi." Na ce masa wannan alkawarin ba zan iya ɗauka ba, don tumbin yana cikin maganar. Karatuna a aji shida ya tsaya, inda na yi kuskure a gyara mini. Abin da na gani da idona kawai zan faɗa, kuma ban ɓoye ba, raina a ɓace yake har yanzu.

A Makera muke zaune, a gidan haya. Ni ɗinki nake yi a ɗaki. Maigidana, Baban Sadiya, ma'aikacin masaƙa ne a da, da aka rufe ta ya koma tuƙin bas daga Kaduna zuwa Abuja, motar wani ce ba tasa ba. Tun aurenmu yana minshari, amma irin na kowa. Da ya shiga tuƙi sai jiki ya buɗe. Wuni a zaune, abincin tasha, dare ya yi a dawo a ci tuwo a kwanta a kansa. Ni na fara lura, saboda ni ke ɗinka masa kaya, kullum sai na buɗa wuyan riga.

Minsharin ya girma har ya zama abin tsokana a gidan. Maƙwabciyata Maman Godiya, 'yar kudancin Kaduna ce, tana sayar da citta a kasuwar Kakuri, bango ɗaya ya raba mu. Da safe in ta gan shi yana alwala sai ta ce, "Oga direba, jiya tirela nawa ka wuce? Har giya na ji kana canzawa." Shi kuma ya ce, "Ke dai ki biya kuɗin mota, tunda har Abuja na kai ki." Kowa ya yi dariya, har da ni.

Daga baya dariyar ta fita a raina. Yana cikin minshari sai ya yi tsit. Ƙirji na motsi kamar mai kokawa, amma babu iskar da ke shiga. Ya daɗe a haka, har in fara salati, sannan ya fizgo numfashi da ƙarfi kamar wanda aka tsamo daga rijiya, ya juya ya ci gaba. In na tashe shi ya ce me ya faru, shi bai san an yi ba. Haka za a yi ta yi har asuba. Ya tashi da ciwon kai, baki a bushe, ido jajur. Da rana kuwa duk inda ya zauna sai gyangyaɗi, a huɗubar Juma'a, a gaban kwanon abinci, har a zaman tahiya na taɓa ganin kansa ya faɗi. Mutumin da ba ya faɗa ya koma yi wa yara tsawa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Kuma wannan mutumin ne zai cika baki da goro, ya kora da baƙin shayi, ya ɗebi mutane cike da mota ya hau titin Abuja. Duk ranar da ya fita, wayata na kan keken ɗinki, in ta yi ƙara gabana ya faɗi.

Da na fara faɗa wa dangi, kowa ya kawo tasa. Wata ta ce dannau ne, a sa wuƙa ƙarƙashin matashi. Na sa. Wani ya kawo hayaƙi, muka turara ɗaki har labule ya canza kala. Addu'a kam ba mu fasa ba, kuma ba zan taɓa raina ta ba. Mai kemis ɗin layinmu kuwa da ya ji ana cewa barcinsa ba ya daɗi, sai ya ba shi ƙwayar barci. Daren da ya sha ta, shirun ya fi na kullum tsawo, na yi ta jijjiga shi yana kwance kamar buhu. Washegari na zuba sauran a masai. Ban ce mai kemis ya yi da mugunta ba. Amma wanda bai san ciwo ba, me ya kai shi ba da magani?

Dama yana da hawan jini, yana karɓar magani a asibitin gwamnati a ƙetaren gada. Na matsa masa ya faɗa wa likita. Ya je ya dawo ya ce an ce gajiya ce, ya rage damuwa. Na ce, "Ka faɗa masa numfashinka na tsayawa?" Ya ce, "Ni na ga yana tsayawa? Ke ce kike gani." Gaskiyarsa. Mai ciwon nan ba shi da labarin ciwonsa, wanda ke kwana kusa da shi ne ke da shi. Ni kuma in mun je asibiti a benci ake barina, riƙe da jaka.

Maman Godiya ce ta ba ni shawara in ɗauki muryarsa a waya. Na ji nauyin abin, kamar ina yi masa leƙen asiri, amma na yi. Zuwanmu na gaba muka yi sammako, muka karɓi kati, muka zauna tun rana ba ta yi zafi ba har aka kira azahar. Wata mai rarraba kati ta daka mini tsawa don na tambaya ko an tsallake mu, a gaban mutane ta ce in ina sauri in je asibitin kuɗi. Allah Ya sa ranar wata likita muka samu, mace, ba ta da yawan shekaru. Baban Sadiya na fara bayani ta katse shi ta ce, "Malam, wa ke kwana ɗaki ɗaya da kai?" Ya sunkuyar da kai. Ta ce, "A shigo da ita."

Na kunna mata wayar. Ba ta damu da ƙarar ba, sai da aka zo wurin shirun ta ɗaga hannu. Ta duba maƙogwaronsa, ta auna wuyansa, ta ce tana kyautata zaton ciwon da ake kira silif afniya ne. Sunan ya zauna mini don sai da na sa ta maimaita. Ta ce hanyar iska a maƙogwaro kamar tiyo mai laushi ce, in mutum ya yi barci naman wurin ya saki, harshe ya koma baya, sai tiyon ya manne. Jiki ya ji zai mutu, ya farkar da kansa, a sake komawa. Shi ya sa mutum zai kwana a kan gado amma bai yi barci ba, kuma abin na taɓa zuciya, yana hana hawan jini sauka. Sannan ta faɗi maganar da har gobe tana kunnena: "Hajiya, ƙarar ba ta kisa. Shirun shi ne ciwon."

Ta zayyana mana hanyoyin magani, ba ta yi sauri ba, Allah Ya saka mata. Ya rage ƙiba, ya daina cin abu mai nauyi dab da kwanciya. Ya riƙa kwanciya a gefe, kada ya yi rigingine. Ya nisanci ƙwayar barci. Akwai na'ura da ake kira sifaf, ana ɗaura takunkuminta a hanci, tana hura iska a hankali don kada hanyar ta manne, ta ce ita ce gaba a wurin irin nasa. Akwai wani abu da likitan haƙori ke ƙerawa daidai bakin mutum, yana turo haɓa gaba, yana yi wa waɗanda nasu bai yi tsanani ba. Akwai kuma tiyatar maƙogwaro, ana rage naman da ya yi yawa, amma ba kowa take yi wa ba, sai likitan maƙogwaro ya duba ya ga inda toshewar take. Kafin komai sai an yi gwajin barci, ta ba mu takarda zuwa wani asibitin kuɗi a Abuja. Ta kuma ce ya ajiye tuƙi har a shawo kan abin. Da ya ji haka sai ya yi dariya ya ce, "Likita, in na ajiye sitiyari, tukunya ma ta ajiye." Ba ta yi dariya ba.

Muka dawo muka fara abin da za mu iya. Na ɗinka aljihu a bayan singiletinsa na sa goriba a ciki, in ya juya rigingine ta tokare shi ya koma gefe. Ya yi ta mita, wai na mai da shi raƙumi. Na rage masa tuwon dare. Mai motar ya ba shi hutun 'yan makonni, muka fara tara kuɗin gwaji, na karɓi ɗinkin da ya fi ƙarfina.

A nan ne Yaya Alhaji ya shigo. Shi ne babban wansa, yana zaune a Unguwar Sanusi, shi ya riƙe shi bayan rasuwar mahaifinsu, shi ya yi masa aure. Mutum ne mai zumunci, wannan ba zan hana shi ba. A gidansu in ya yi magana an gama. Ya zo duba ƙaninsa, suka zauna a tabarma a ƙofar ɗaki, ni ina ciki bayan labule. Baban Sadiya ya kwashe bayanin likita ya faɗa masa, amma a gurguje, kamar mai jin kunya. Yana kaiwa kan tiyata Yaya Alhaji ya tafa hannu.

"Tsaya nan. Ta ce a rage nama a maƙogwaro?"

"Haka ta ce, Yaya, amma sai an..."

"Kai, Allah Ya shirye ka. Ai beli ke nan! Belinka ne ya yi tsawo. An haife ka a asibitin mishan lokacin Baba na aikin jirgin ƙasa, ba a cire maka ba. Mu da aka cire mana wa ka ji yana wannan gurnani? Abin da wanzami zai yi kafin shayi ya huce, shi ne za a tura ka Abuja ka kwana da wayoyi a ka?"

Beli, ga wanda bai sani ba, shi ne ɗan naman nan da ke reto a can cikin baki, wanda wanzamai ke cire wa jarirai. Na kasa haƙuri, na ce daga bayan labule, "Yaya, a gafarce ni, likita ta ce ba ƙarar ba ce, numfashin ne ke ɗaukewa cikin dare." Sai ya ce da ƙaninsa, ba da ni ba, "Yanzu har abin da ke faruwa a shimfiɗarku ake faɗa mini? To madalla." Kunya ta rufe ni, na ja bakina. Ga shi ni kaɗai ce shaida a duniya, kuma ni ce ba a yarda in yi magana ba.

Da ya tafi na roƙi maigidan kada ya je wurin wanzami. Na ce ya tuna yana shan ƙwayar nan da ke tsinka jini, wadda aka haɗa masa da maganin hawan jini. Ya ce ba zai je ba, in kwantar da hankalina. Wata Asabar da safe Yaya Alhaji ya aiko wai Baban Sadiya ya zo ya raka shi gaisuwar rasuwa. Kafin azahar sai ga keke napep a ƙofar gida, an riƙo Baban Sadiya, da tsumma a bakinsa ya jiƙe. Yaya Alhaji na cewa, "An gama, an gama, a dama masa kunu mai ɗumi." Har da belin suka zo mini da shi a ƙunshe a takarda, wai in gani yadda ya yi tsawo.

Wanzamin na san shi, shi ya yi wa 'ya'yana askin suna, dattijo ne mai mutunci. Amma bai tambayi wane magani mutumin nan ke sha ba, kuma babu wanda ya faɗa masa. Jini ya ƙi tsayawa. Ya tofar, ya haɗiye, ya yi amansa baƙi ƙirin. Aka ce a ba shi ruwan sanyi, aka ce a bari zuwa la'asar. Da na ga leɓensa ya yi fari, gumi na keto masa, ban sake neman izinin kowa ba. Na buga wa Maman Godiya, ta bar rumfarta ta zo da mai keke. A kan gada cunkoso ya tsare mu, kansa na kan cinyata, tana ta yi wa masu mota ihu, "Ku ba da hanya, mutum na mutuwa a nan!" Ita tana addu'arta, ni ina tawa.

A ɗakin gaggawa sai da aka tura mu yankar kati, aka tura mu sayen safar hannu da allura da ruwa, kowanne taga daban, mutum na zubar da jini a kan benci. Wannan tsari ban san wanda ya kafa shi ba, amma Allah Ya isa. Likitan da ya zo daga baya ya yi ƙoƙari, aka shiga da shi aka tsayar da jinin, aka ce sai an ƙara masa wani. Ƙanin mijin Maman Godiya ne ya bayar, mutumin da ko sunansa ban sani ba a lokacin. Likitan ya tambaye ni wa ya yi wannan aiki. Na faɗa. Ya ce, "Ke kina ina?" Kuɗin da muka tara na gwaji, a wannan kwanciyar suka tafi kaf.

Makon farko a gida ko ruwa da ƙyar yake haɗiya. Wurin ya yi ruwa, sai da aka ƙara masa wani magani. Mako na biyu ya fara shan kunu da farfesu, amma in ya kurɓi ruwa da sauri sai ya fito masa ta hanci, muryarsa ma ta canza. Ya rame, wuyan rigunansa suka yi masa yawa. Zuwa mako na uku sai ga abin da ya ruɗi kowa: minsharin ya ragu sosai. Babu wannan ruri. Maman Godiya da kanta ta ce, "Maman Sadiya, an sayar da tirelar ne? Kwana biyu ina barci kamar jaririya." Yaya Alhaji ya zo da fara'arsa, ya ce, "To ina masu Abuja? An sha wuya, amma ga shi an warke. Na gaba ya yi gaba." Dangi suka yi ta barka.

Ni kuwa ina zaune a gefen gado ina kallon ƙirjinsa na kokawa babu iska, kamar da, sai dai yanzu babu ƙarar da za ta sa wani ya yarda da ni. Na faɗa wa maigidan, ya ce, "Ke dai ba kya rabo da tsoro. Kowa ya ce na warke sai ke." Wataƙila ina da tsoro, ban musa ba, tun ina yarinya haka nake. Amma na ga ya yi gyangyaɗi da kofin kunu a hannu har ya zube masa a cinya.

Yaya Alhaji da kansa ya je ya gaya wa mai motar cewa ƙaninsa ya samu lafiya. Maigidan ya koma aiki. Bai cika mako biyu ba, wata rana da hantsi, bayan sun wuce Kateri, barci ya sace shi. Ya ce shi dai ya ga titi, sai ya ji ihu. Motar ta sauka ta faɗa rami ta kwanta a gefe. Allah Ya tsare babu wanda ya mutu, amma wata mata mai goyo ta karye a hannu, wani tsoho ya fashe a goshi. Na je na duba matar a asibiti. Ba ta zage ni ba, ta ce ƙaddara ce. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Da yamma Yaya Alhaji ya zo jaje, yana cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Ranar ban tsaya bayan labule ba. Na fito na durƙusa, na ce, "Yaya, ka yi haƙuri da abin da zan faɗa. Ƙaninka numfashinsa na tsayawa kowane dare, kafin a yanke shi da bayan an yanke shi. Ni nake gani. In kunya ce, na ajiye ta yau. In ba ka yarda ba ga tabarma, ka kwana a ɗakin, ni in koma wurin yara." Ya ce, "Ke, ni kike faɗa wa haka?" Na ce, "Kai nake faɗa wa, Yaya, don kai kaɗai yake jin maganarka." Baban Sadiya na cewa in yi shiru, in yi shiru. Yaya Alhaji ya sa takalminsa ya fita bai yi sallama ba.

Bai kwana ba, bai kuma ba ni haƙuri ba har yau. Amma bayan kwana biyu ya aiko da kuɗin gwajin Abuja, kuma da aka zo sayen na'ura shi ya ɗauki kaso mafi yawa. Na gode masa, kuma ina jin haushinsa, duka biyun gaskiya ne.

Gwajin ya nuna nasa mai tsanani ne. Likitan can ya ce toshewar tasa daga gindin harshe take da kaurin wuya, ko a asibiti aka cire belin ba zai wadatar ba. Muka samu na'ura ta hannu, aka saita masa ita. Nan ma wanzami bai bar mu ba. Takunkumin hanci ya ƙi yi, iskar na shiga ta hanci tana fita ta baki, aka ce tabon da ke maƙogwaron na iya jawo haka, sai an nemo mai rufe hanci da baki gaba ɗaya. Shi ma na hannu muka samu, robarsa ta fara saki, ina ɗaure shi da igiyar da na ɗinka. Kwanakin farko ya yi ta fizge shi, wai kamar an sa masa takunkumin jaki. Daren da ya fara kwana da shi har asuba, ya tashi ya zauna, ya ce, "Maman Sadiya, ashe haka mutane ke ji da safe?" Na shiga bayi na yi kuka.

To amma na'urar nan da wuta take aiki, kuma duk wanda ke Makera ya san yadda wutarmu take. In an ɗauke, ta tsaya, ya farka yana fizgar takunkumi, sauran daren a koma gidan jiya. Ƙaramin janareto muka gwada, mai gidan haya ya hana saboda ƙara da hayaƙi, kuma da gaskiyarsa, ga yara a tsakar gida. Ranar da aka kwana da wuta, mutum ne sosai. Ranar da ba a kwana da ita ba, da rana ido na lumshewa. Likitarmu ta ce kada ya tuƙa sai yana kwana da na'urar kowane dare. Mai motar ya gyara motarsa, ya yi mana kara, ya ce zai jira zuwa ƙarshen wata, daga nan ko ya dawo ko ya ba wani. Maigidan ya ce zai koma ko da wuta ko babu, don ba zai zauna mace na ciyar da shi da keken ɗinki ba. Na san shi, zai aikata.

Abin da nake so duk mai karatu ya riƙe: in na kusa da kai na minshari yana yin shiru a tsakani, a je asibiti, kuma a shiga da wanda ke kwana da shi. Kada a kai babba wurin wanzami a kan wannan. Kada a ce an warke don ƙara ta ragu. Ku kuma manya, in matar ƙaninku ta buɗe baki a kan abin da take jin nauyinsa, ku sani ba daɗi ne ya sa ta ba.

Yanzu ga roƙona. Wanda ke amfani da irin wannan na'ura a unguwar da wuta ba ta zama, don Allah da me kake kunna ta? Wani mai gyaran sola ya ce batir ɗaya da ƙaramar inbata za su kai ta asuba, wani ya ce za su ƙona ta, ni kuma ba ni da ta biyu da zan yi gwaji da ita. Wane irin batir ne, kuma zai yiwu a ɗauke shi a mota, tunda wani lokaci a tashar Abuja yake kwana? A ina ake samun sabon takunkumi mai rufe hanci da baki a nan Kaduna, ba sai an aika Legas ba? Kuma ko akwai wanda ya san likitan haƙorin da ke ƙera abin turo haɓa, in tambaye shi ko zai taimaka a daren da babu wuta? Wanda ya sani da gaske ya amsa a ƙarƙashin rubutun nan, ina dubawa safe da yamma. Wanda zai ce a kai shi a sake duba maƙogwaro a gargajiyance, ya riƙe shawararsa, na gode. Ku taimaka kafin wata ya ƙare. In ya ƙare ban samu amsa ba, zai ɗauki makulli ya tafi tasha, kuma masu shiga motar ba za su san ko an kwana da wuta a Makera ba.